Yadda injin bincike ke gane wasan bidiyo: bayanan siffantawa da tsararrun bayanai a shafukan intanet

Taƙaitawa

Wannan maƙala tana bayani a kan hanyoyin da masu dandalin wasannin bidiyo ke bi domin sanar da injunan bincike abin da shafukansu suka ƙunsa. Mun nuna cewa, duk da sabbin kayan da ake yin sa da su, aikin tsohon aikin ma'aikacin ɗakin littattafai ne, watau siffanta abu ta yadda ba za a ɗauke shi a matsayin wani ba. Mun kuma nuna cewa wasan bidiyo ya fi littafi wuyar siffantawa, sabili da suna ɗaya yakan rufe abubuwa da yawa, kuma abu ɗaya yakan ɗauki sunaye da yawa.

1. Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa neman littafi a ɗakin littattafan jami'a ya san cewa littafin da ba a yi wa kati ba, ko yana bisa kanta, kamar babu shi ne. Mai nema ba ya bin kanta ɗaya bayan ɗaya. Kati yake dubawa, katin kuma shi ke gaya masa sunan mawallafi, shekarar bugu da wurin da aka aje littafin. Abin da ke rubuce a katin shi ne Faransanci ke kira métadonnées, mu kuwa a nan za mu kira shi bayanan siffantawa: bayani ne da aka yi a kan wani abu domin a gane shi, a kuma same shi.

Shafin intanet ma yana da nasa katin, sai dai a ɓoye yake cikin rubutun da kwamfuta ke karantawa. Idan aka shirya wannan bayani gurbi-gurbi, bisa ƙa'idar da aka yi ittifaƙi a kanta, ta yadda na'ura za ta san cewa wannan suna ne, wancan kwanan wata ne, wancan kuma farashi ne, to shi ake kira données structurées, watau tsararrun bayanai.

Mun zaɓi wasannin bidiyo ne don a wajensu matsalar ta fi fitowa fili. Tambayar da za mu bi ita ce: idan mutum ya rubuta sunan wasa a injin bincike, ta yaya injin ke sanin wane wasa ake nufi, kuma wa ya gaya masa?

2. Abin da injin bincike ke gani

Aikin injin bincike, irin su Google da Bing, ya kasu kashi uku. Da farko akwai manhajar da ke yawo daga shafi zuwa shafi tana kwaso abin da ta tarar. Za mu kira ta ƴar aike. Na biyu, ana tace abin da ta kwaso a shigar da shi cikin wata babbar fihirisa. Na uku, idan tambaya ta zo, sai injin ya zaɓo shafukan da suka dace daga fihirisar ya jera su. Watau mai bincike ba cikin intanet ɗin kansa yake lalube ba, cikin fihirisar injin yake lalube.

Ƴar aike rubutu ta fi iya karantawa. Ba ta buga wasa, ba ta kuma san abin da ke faruwa a cikinsa ba. Shafin da aka cika da manyan hotuna, da bidiyon talla, da maɓallin saye, yana iya burge ɗan Adam, amma a wajenta kusan fanko ne. Haka ma wasannin da ake bugawa kai tsaye cikin shafi: abin da ke motsi a allo zane ne da na'ura ke sabuntawa, babu kalma a cikinsa da za a sa a fihirisa. Saboda haka duk abin da injin ya sani game da wasa, daga rubutun da aka yi a kansa ya samo shi.

Mai dandali yana da kayan aiki na farko guda huɗu. Akwai fayil ɗin robots.txt, wanda Martijn Koster ya gabatar a 1994, mai gaya wa ƴar aike inda aka yarda ta shiga da inda aka hana ta. Akwai taswirar dandali, wadda Google ya fito da ita a 2005, Yahoo da Microsoft suka karɓa a 2006. Jerin adireshin shafuka ce, kuma fayil ɗaya ba ya wuce adireshi 50,000. Akwai alamar title, watau kan shafi, wadda galibi ita ce layin da ake gani a sakamakon bincike. Sa'annan akwai alamar description, taƙaitaccen bayanin da injin kan nuna a ƙarƙashin kan shafin, in ya ga dama.

Waɗannan duka suna magana ne a kan shafin. Ba su ce komai ba game da wasan da shafin ke bayani a kai. Wannan giɓi ne tsararrun bayanai suka zo cikewa.

3. Daga katin ɗakin littattafai zuwa schema.org

Tunanin rubuta kati yadda na'ura za ta karanta ya girmi intanet. A shekarun 1960 Henriette Avram ta jagoranci samar da tsarin MARC a ɗakin littattafan majalisar dokokin Amurka. A 1995 aka yi wani taro a garin Dublin na jihar Ohio, wanda daga gare shi aka samu tsarin Dublin Core mai gurabe 15, kamar suna, mawallafi, kwanan wata, harshe da nau'i, domin siffanta kowane irin abu da ke intanet.

A daidai wannan lokaci injunan bincike na farko sun dogara ga alamar keywords, inda mai shafi ke jera kalmomin da yake ganin sun dace da shafinsa. Ba a jima ba abin ya lalace. Da yake mai karatu ba ya ganin jerin, sai masu shafuka suka riƙa cusa sunayen duk abin da jama'a ke nema, ko da babu shi a shafin. A watan Satumba na 2009 Google ya bayyana a fili cewa ba ya amfani da wannan alama wajen jera sakamako. Darasin da aka koya shi ne: ma'aikacin ɗakin littattafai ba shi da riba idan ya yi ƙarya a kati, mai shafi kuwa yana da ita. Duk ƙa'idojin da suka biyo baya suna ɗauke da wannan zargi.

A 2009 ɗin ne Google ya fara nuna sakamako mai ƙarin ado, kamar taurarin yabo da farashi, ga shafukan da suka tsara bayanansu. A 2010 Facebook ya kawo tsarin Open Graph, wanda ke ƙayyade suna da hoton da za su bayyana idan aka tura adireshin shafi ga wani. A watan Yuni na 2011 Google, Bing da Yahoo suka haɗu suka kafa schema.org, kamfanin Yandex na Rasha ya shigo a ƙarshen shekarar. Schema.org ƙamus ne: yana jera nau'o'in abubuwa, kamar littafi, fim, mutum, wuri, tare da guraben da za a cike wa kowane. Hanyar rubutu da Google ya fi ba da shawara a kanta ita ce JSON-LD, wadda ƙungiyar W3C ta tabbatar a 2014. Fa'idarta ita ce ana rubuta bayanin wuri ɗaya, dabam da rubutun da mai karatu ke gani.

Ga masu nazarin harshe, abin ba baƙo ba ne. Kowane bayani da ke cikin wannan tsari jimla ce mai gaɓa uku, kamar aikau, aikatau da karɓau: wannan wasa, kamfanin da ya yi shi, id Software. Idan aka tara irin waɗannan jimloli masu yawa, karɓau na wata ya zama aikau na wata, sai a samu saƙar da na'ura ke iya bi.

4. Nau'in VideoGame da gurabensa

A cikin schema.org wasan bidiyo yana da nau'insa, VideoGame. Abin lura shi ne iyaye biyu gare shi: Game, watau wasa kowane iri, har da na allo da na kati, da SoftwareApplication, watau manhaja. Dukansu biyu kuma ƴaƴan CreativeWork ne, watau aikin fasaha. Daga kowane yakan gaji gurabe, shi ya sa za mu kasa su huɗu.

Daga aikin fasaha ya gaji abin da littafi ma ke da shi: suna, mawallafi, kamfanin da ya fitar, ranar fitowa, harshe, salo, shekarun da suka dace, da sharhin masu sharhi.

Daga manhaja ya gaji abin da ya shafi na'ura: tsarin da yake aiki a kai, girman ƙwaƙwalwar da yake buƙata, girman fayil, da lambar siga. Ga mai wayar salula maras ƙarfi, wanda kuma yake sayen intanet da awo, girman fayil ba ƙaramin bayani ba ne.

Daga wasa ya gaji yawan masu bugawa, wuraren da ke cikin wasan, kayan da ake samu a ciki, da ayyukan da ake ɗora wa mai bugawa.

Sa'annan yana da nasa na kansa: gamePlatform, na'urar da ake buga shi a kai, playMode, ko mutum ɗaya ke bugawa, ko da yawa, ko kuma haɗin guiwa ake yi, gameEdition, wane bugu ne, trailer, bidiyon talla.

Ga ƙaramin misali:

(1)
{
"@context": "https://schema.org",
"@type": "VideoGame",
"name": "Doom",
"author": { "@type": "Organization", "name": "id Software" },
"datePublished": "1993-12-10",
"gamePlatform": "MS-DOS",
"inLanguage": "en"
}

Misali na (1) yana cewa: akwai wani abu, wasan bidiyo ne, sunansa Doom, kamfanin id Software ya yi shi, ya fito ran 10 ga Disamba 1993, ana buga shi a kan MS-DOS, harshensa Ingilishi.

Wajibi ne a bambanta ƙamus da abin da kowane injin ya ga damar amfani da shi. Jagoran da Google ya wallafa game da manhajoji ya nuna cewa ba ya ba da sakamako mai ado ga abin da aka kira VideoGame kawai. Sai an haɗa masa da wani nau'in, alal misali MobileApplication, an kuma cike suna, farashi, da ko dai sharhi ko jimillar makin masu amfani. Ke nan bayani yana iya zama daidai bisa ƙamus, amma bai cika sharaɗin injin ba.

5. Matsalar shaida: wane wasa ake nufi?

Nan ne ainihin wuyar aikin take. Cike gurabe abu ne mai sauƙi. Sanin abin da ake cike wa guraben shi ne mai wuya. Za mu kawo yanayi huɗu.

5.1 Suna ɗaya, wasanni dabam-dabam

Doom na misali na (1) ya fito a 1993. A 2016 kamfanin nan ya sake fitar da wani wasa sabo ƙal, shi ma sunansa Doom. Haka Tomb Raider na 1996 da na 2013, God of War na 2005 da na 2018, Prey na 2006 da na 2017. Idan mai dandali ya cike gurbin suna kawai, injin ba shi da abin da zai raba su da shi, kuma yana iya ɗaukar makin wannan ya liƙa wa wancan. Ranar fitowa da na'ura su ne ke raba gardama.

5.2 Wasa ɗaya, sunaye dabam-dabam

Wasan da kamfanin Capcom ya fitar a 1996 sunansa Biohazard a Japan, Resident Evil a Amurka da Turai. Final Fantasy VI na 1994 an sayar da shi a Amurka da sunan Final Fantasy III, alhali kuwa akwai wani Final Fantasy III na ainihi a Japan. Super Mario Bros. 2 na Japan, na 1986, da na Amurka, na 1988, wasanni biyu ne dabam-dabam masu suna ɗaya. Wasannin ƙwallon ƙafa da samari ke bugawa a rumfunan wasa na garuruwanmu ma ba su tsira ba: jerin da aka sani da PES, wanda a Japan ake kira Winning Eleven, ya koma eFootball a 2021; jerin FIFA na kamfanin Electronic Arts ya koma EA Sports FC a 2023. Mai nema kuwa sau da yawa tsohon sunan yake rubutawa. Gurbin alternateName an yi shi ne don irin wannan, nau'in VideoGameSeries kuma don a haɗa ƴaƴan jeri ɗaya wuri guda ko da sunan gidan ya sauya.

5.3 Wasa ɗaya, fitowa da yawa

Yaushe Grand Theft Auto V ya fito? A 2013 a kan PlayStation 3 da Xbox 360. A 2014 a kan PlayStation 4 da Xbox One. A 2015 a kan kwamfuta. A 2022 a kan PlayStation 5 da Xbox Series. Amsoshin huɗu duka daidai ne. Kowace fitowa tana da ranarta, farashinta, girman fayil ɗinta da makinta.

Masana harkar ɗakin littattafai sun daɗe da sanin wannan matsala. A 1998 ƙungiyarsu ta duniya, IFLA, ta wallafa tsarin FRBR, wanda ya raba matakai huɗu: aiki, watau tunanin da ke kan mawallafi, siga, kamar asali ko fassara, bugu, watau fitowar da wani kamfani ya yi a wata shekara, da kwafi, wanda ke hannun mai karatu. Schema.org bai ɗauki tsarin duka ba, amma ya tanadi gurabe biyu, workExample da exampleOfWork, masu haɗa aiki da bugunsa. Hanyar da muke ganin ta fi dacewa ita ce a yi wa aikin bayani ɗaya, mai ɗauke da suna, mawallafi da salo, sa'annan kowane bugu a yi masa nasa, mai ɗauke da na'ura, rana da farashi, a ɗaure su da juna. Idan kuma dandali yana da adireshi da yawa masu nuna kusan abu ɗaya, akwai alamar canonical, wadda manyan injunan suka karɓa a 2009, mai nuna wanne ne na asali.

5.4 Wasan da ke sauyawa a ƙarƙashin sunansa

Wannan shi ne yanayin da littafi bai sani ba. Littafi in an buga shi ya tsaya. Wasan yau kuwa ana yi masa gyara ta intanet shekara da shekaru. A kasuwar Steam, wadda kamfanin Valve ya buɗe a 2003, kowane wasa yana da lambarsa. Lamba 730 ta Counter-Strike: Global Offensive ce tun fitowarsa a 2012. A watan Satumba na 2023 aka maye gurbinsa da Counter-Strike 2, a kan wannan lamba, kuma sharhunan da jama'a suka yi wa tsohon suka zauna a shafin sabon. Haka Overwatch 2 ya maye gurbin Overwatch a 2022. To makin da aka tara tun farko, na wane wasa ne? Tsararrun bayanai ba su da cikakkiyar amsa. Abin da mai dandali zai iya yi shi ne ya cike lambar siga, ya kuma sa wa kowane sharhi kwanan watansa.

5.5 Lambar shaida

Maganin da ya fi kusa da warware waɗannan yanayi shi ne a daina dogara ga suna, a koma ga lamba. Littafi yana da ISBN. Wasan bidiyo ba shi da lamba ɗaya da kowa ya yarda da ita. Abin da ake da shi rumbunan bayanai ne: MobyGames, wanda aka kafa a 1999; IGDB, wanda Twitch ya saya a 2019; da Wikidata, wanda aka buɗe a 2012, inda kowane abu ke da lamba mai farawa da Q, kuma sunansa ana iya rubuta shi da kowane harshe. Gurbin sameAs yana ba mai dandali damar cewa: wasan da nake nufi shi ne wanda ke wannan adireshi na Wikidata. Da wannan layi ɗaya, Doom na 1993 ya rabu da na 2016 ba tare da wata shakka ba.

6. Harshe, ƙasa, kwanan wata da kuɗi

Akwai gurabe da ba a cike su da kalmomi sai da alamomin da aka tsayar a ƙa'idojin duniya. A nan ne batun ya taɓa mu kai tsaye, idan har za a rubuta shafin wasa da Hausa.

Alamar Hausa a ƙa'idar ISO 639-1 ita ce ha. Alamar ƙasar Nijar NE ce, ta Nijeriya NG. Idan aka haɗa, ha-NE na nufin Hausar Nijar, fr-NE kuma Faransancin Nijar. Harshe ke zuwa farko, kuma ba a rubuta ƙasa ita kaɗai a gurbin harshe. Wanda ya rubuta ne yana nufin Nijar, ya gaya wa injin cewa shafinsa da harshen Nepal aka rubuta shi. Wanda ya rubuta ng kuwa ya ce da harshen Ndonga na Namibiya ne. Dandali mai harshe biyu yana amfani da alamar hreflang, wadda Google ya kawo a 2011, domin nuna cewa wannan shafi na Hausa da wancan na Faransanci tagwaye ne. Sharaɗin shi ne kowane ya nuna ɗan uwansa. In ɗaya ya nuna, ɗayan bai rama ba, ana iya watsi da alamar. Abin lura kuma: jagoran Google alamomi masu harafi biyu ya amince da su a wannan wuri. Hausa, Fulatanci da Barbarci suna da su, ha, ff da kr. Zabarmanci kuwa alamarsa mai harafi uku ce, dje.

Haruffa masu lanƙwasa, ɓ, ɗ, ƙ, ƴ, suna cikin Unicode, kuma shafin da aka bayyana cewa da UTF-8 aka rubuta shi zai nuna su daidai. Amma mai nema da waya sau da yawa b, d, k yake bugawa, kuma abin da muke rubutawa ƴ a Nijar, 'y ake rubuta shi a Nijeriya. Shawararmu ita ce a riƙe ingantaccen rubutu a gurbin suna, a sa sauran rubuce-rubucen a gurbin alternateName.

Kwanan wata ana rubuta shi bisa ISO 8601: shekara, wata, rana. Dalili a fili yake, tunda 03/04 a Faransa 3 ga Afrilu ne, a Amurka kuwa 4 ga Maris. Kuɗi kuma ana nuna shi da alamar ISO 4217, inda sefa ta Afirka ta Yamma take XOF. A bakin Bahaushen Nijar dala ɗari sefa 500 ce, alhali kalmar dala ɗin nan ita ce kuma sunan kuɗin Amurka. Mutum yana gane wanda ake nufi daga zance. Na'ura sai an rubuta mata 500 da XOF a gurabensu.

Haka batun shekaru. Amurka tana da hukumar ESRB tun 1994, Japan tana da CERO tun 2002, Turai tana da PEGI tun 2003, mai matakai 3, 7, 12, 16 da 18. Grand Theft Auto V yana ɗauke da 18 a PEGI, da M a ESRB, watau daga shekara 17. Lamba ko harafi tsurarsa ba ya nufin komai sai an ambaci hukumar da ta ba da shi. Ga uban da ke dubawa kafin ya saya wa ɗansa, wannan gurbi ya fi taurarin yabo muhimmanci.

7. Iyakar amfani

Akwai abubuwa uku da ya kamata a sani kafin a ɗora wa tsararrun bayanai abin da ba za su iya ba.

Na farko, ba su ɗaga shafi sama a jerin sakamako kai tsaye. Abin da suke yi shi ne taimaka wa injin ya fahimci shafin, da ba shafin damar fitowa da ado. Damar kuma ba alkawari ba ce.

Na biyu, dole abin da aka gaya wa na'ura ya yi daidai da abin da mai karatu ke gani. Wanda ya sa taurari biyar a ɓoye alhali babu wani sharhi a shafin, ya koma ga tsohuwar dabarar keywords, kuma hukuncinsa shi ne a cire wa shafukansa adon.

Na uku, ƙamus na kowa ne amma lada a hannun injin take. A 2023 Google ya taƙaita adon tambaya da amsa ga sanannun dandalin gwamnati da na kiwon lafiya, ya kuma janye adon matakan yin abu gaba ɗaya. Dandalin da ke koya wa jama'a yadda ake ƙetare wurare masu wuya a wasa, waɗanda suka kashe lokaci wajen tsara bayanansu don samun wannan ado, sun wayi gari babu shi. Wanda ya tsara bayanansa domin adon yau kawai, aikinsa yana ƙarewa ranar da aka sauya ƙa'ida. Wanda ya tsara su domin a gane wasan, aikinsa yana nan, kuma kowace manhaja mai tattara bayani, har da waɗanda ke ba da amsa kai tsaye ba tare da an shiga shafi ba, tana iya amfana da shi.

Akwai kuma amfanin da ya wuce kasuwa. Wani bincike da Video Game History Foundation ta fitar a 2023 ya nuna cewa kashi 87 cikin ɗari na wasannin da aka fitar a Amurka kafin 2010 ba a samun su a kasuwa. An daina tallafa wa manhajar Flash a ƙarshen 2020, wadda ɗimbin wasannin shafi suka dogara gare ta. Nintendo ya rufe saye a kasuwannin 3DS da Wii U a watan Maris na 2023. A Faransa dokar ajiyar dole ta 1992 ta sa wasannin bidiyo cikin abin da ɗakin littattafan ƙasa ke karɓa ya adana, amma wasan da ba ya aiki sai da na'urar kamfaninsa ba a iya aje shi a kanta. Idan irin wannan ya ɓace, abin da kan rage wa mai nazari shi ne bayanin da aka yi a kansa: wa ya yi shi, yaushe, da wane harshe, a kan wace na'ura.

8. Kammalawa

Mun ga cewa injin bincike bai san wasa ba sai ta bakin waɗanda suka siffanta shi, kuma kyakkyawar siffantawa tana farawa ne da tambayar da ma'aikacin ɗakin littattafai ya saba yi: aikin nake nufi, ko bugunsa, ko sigar da ke hannu yau? Wanda ya amsa wannan, ya sa rana da na'ura, ya ɗaura da lambar shaida, ya kuma rubuta harshe da kuɗi da alamominsu na ƙa'ida, ya yi mafi yawan aikin.

Abin da ya rage ga sashenmu iri biyu ne. Na ɗaya, kalmomi: waɗanda muka yi amfani da su a nan, irin su gurbi, siga, bugu da ƴar aike, shawara ce da muke gabatarwa domin a tattauna. Na biyu, aikin hannu wanda ɗalibin digiri na biyu zai iya ɗauka: ya zaɓi jerin wasanni ɗaya, alal misali na ƙwallon ƙafa, ya bi fitowarsa shekara-shekara, ya raba aiki da bugu, ya duba yadda dandali biyu ko uku suka siffanta shi, sa'annan ya rubuta wa kowane bugu taƙaitaccen bayani da Hausa a Wikidata, inda kowa ke da izinin yin haka.